Tambaya da Amsa: Kwamfutar kwantum da yadda ake auna lafiyarta

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, wato ilimin halayen ƙananan abubuwa irin su atom, tambayoyi a kan wannan fanni suka yawaita a wasiƙun da ke zuwa wannan fili. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma jera su yadda amsar ɗaya za ta share wa ta gaba hanya.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na sha karanta cewa kubit yana zama 0 da 1 a lokaci guda, saboda haka kwamfutar kwantum tana gwada dukkan amsoshi tashi ɗaya, shi ya sa ta fi kowace kwamfuta sauri. Shin haka abin yake?

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Rabin wannan magana gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ne ya fi ɓatar da masu koyo, don haka bari mu raba su.

Kwamfutar da muka saba da ita tana ajiye bayani a bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Shi kuwa kubit, ba a iya bayyana halinsa sai da lambobi biyu, waɗanda zan kira nauyin 0 da nauyin 1. Waɗannan nauyaye ba yiwuwa ba ne irin ta lissafin yau da kullum, domin nauyi yana iya zama ƙasa da sifili, yana ma iya zama lamba mai sassa biyu, wato mai girma da kuma kusurwa. Idan aka auna kubit, abin da ake samu 0 ne ko 1 kawai, babu tsaka-tsaki, kuma yiwuwar samun kowannensu ita ce girman nauyinsa idan an ninka shi da kansa. Wannan ita ce ƙa'idar da Max Born ya kafa a 1926. Da zarar an yi awon, kubit ɗin ya zauna a kan amsar da ya bayar, sauran bayanin da ke cikin nauyayen kuma ya tafi ke nan.

Inda abin yake girma shi ne idan kubit suka yi yawa. Kubit biyu suna da nauyaye 4, uku suna da 8, kowane ƙari yana ninka adadin. Kubit 30 suna da nauyaye sama da biliyan ɗaya, kuma ajiye su a kwamfuta ta yau da kullum yana cin kimanin gigabait 16. Kubit 50 suna bukatar ninkin wannan sau miliyan ɗaya. A kubit 300 kuwa, adadin nauyayen ya zarce ƙiyasin yawan atom da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa. Daga nan ne maganar gwada dukkan amsoshi ta samo tushe. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, idan ka auna kubit 300 ɗin nan, bit 300 kacal za ka samu, wato amsa ɗaya tak, kuma idan ba ka yi wata dabara ba, amsar da za ta fito ta kan mai uwa da wabi ce. Na'urar da ke riƙe da amsoshi marasa iyaka amma ta miƙo maka ɗaya barkatai, ba ta fi jefa ƙwandala amfani ba.

Dabarar ita ce sa nauyaye su soke juna. Ga misali mafi sauƙi da za ka iya bi da biro da takarda. Ɗauki kubit da ke kan 0, ka yi masa aikin da ake kira ƙofar Hadamard. Yanzu nauyin 0 da nauyin 1 duk sun zama kimanin 0.707, kuma idan ka auna, rabin lokaci za ka ga 0, rabin lokaci 1, kamar ƙwandalar da aka wurga sama. To, kada ka auna, ka sake yi masa Hadamard a karo na biyu. Da ƙwandala ce, wurgi na biyu ba zai rage rashin tabbas ba. Amma kubit zai koma 0 a kowane gwaji, ba kuskure. Dalili kuwa shi ne akwai hanyoyi biyu da ke kaiwa ga 1, ɗaya tana ɗauke da rabi, ɗaya tana ɗauke da rabi mai alamar ragi, sai suka haɗu suka zama sifili, yayin da hanyoyi biyun da ke kaiwa ga 0 suka haɗu suka cika ɗaya. Duk wani tsarin lissafi na kwantum da ya amsa sunansa, wannan wasan yake yi a babban fage: ya tsara ayyuka ta yadda hanyoyin da ke zuwa ga amsoshin banza za su cinye juna, na amsar gaskiya kuma su ƙarfafa juna.

Samun irin wannan tsari ba abu ne mai sauƙi ba, kuma matsalolin da aka samo musu shi ba su da yawa. Richard Feynman ya kawo shawarar a 1981 cewa a yi amfani da na'urar kwantum wajen kwaikwayon halayen ƙananan halittu kamar atom da sinadarai, tunda kwamfuta ta yau da kullum tana shaƙewa da yawan nauyayen da na ambata. David Deutsch na Jami'ar Oxford ya tsara siffar kwamfutar kwantum ta gaba ɗaya a 1985. A 1994 Peter Shor ya nuna yadda za a gano lambobin da aka ninka aka sami wata babbar lamba cikin saurin da ba a san wata hanya ta yau da kullum da ta kai shi ba, sannan a 1996 Lov Grover ya kawo hanyar bincike wadda, a cikin abubuwa miliyan ɗaya marasa tsari, take bukatar matakai kusan dubu a maimakon ɗaruruwan dubbai. Ban da irin waɗannan, yawancin ayyukan da kake yi da kwamfuta, kamar rubutu da kallon bidiyo da ajiye bayanai, babu wata riba da kwantum za ta ƙara musu.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ina son shiga wannan fanni amma ban karanta fiziks mai zurfi ba, kuma ba ni da damar shiga ɗakin gwaje-gwaje. Daga ina zan fara?

Amsa

Barka kadai. Ka fara da lissafi iri uku: lambobi masu sassa biyu, da bekta da matiriks (wato jerin lambobi da teburin lambobi), da kuma ilimin yiwuwa. Ba sai ka gama fiziks na kwantum gaba ɗaya ba, domin kubit guda bekta ce mai lambobi biyu, ƙofofin da ake yi masa kuma matiriks ne masu layi biyu da ginshiƙi biyu. Wanda ya iya ninka waɗannan da hannu ya riga ya taka matakin farko.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar zuwa ga manhaja. Ka zauna da takarda ka lissafa abin da ƙofar X, mai juya 0 zuwa 1, take yi, da abin da Hadamard take yi, da ƙofar CNOT mai haɗa kubit biyu, wadda ke juya na biyu idan na farko yana kan 1. Sannan ka haɗa Hadamard a kan kubit na farko da CNOT a bayanta. Abin da za ka samu shi ne kubit biyu da suka sarƙe da juna: idan an auna su, ko dai duka su ba da 0 ko duka su ba da 1, alhali babu wanda a cikinsu yake da tabbataccen hali shi kaɗai. Gwaje-gwajen da suka tabbatar da gaskiyar wannan sarƙewa ne suka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta 2022.

Bayan haka sai ka koyi harshen rubuta manhaja na Python gwargwadon bukata, ka rubuta wannan ɗan tsari a manhajar Qiskit ta kamfanin IBM ko Cirq ta Google, ka gudanar da shi sau dubu a manhajar kwaikwayo. Za ka ga 00 da 11 kaɗai, kusan rabi da rabi. Daga nan ka tura shi ga na'ura ta gaske, abin da ya zama mai yiwuwa ga kowa tun watan Mayun 2016, lokacin da IBM ta fara buɗe na'ura mai kubit biyar ta intanet. A sakamakon na'urar gaske za ka tarar da 'yan 01 da 10 da lissafi ya ce bai kamata su fito ba. Ina roƙonka kada ka ɗauke kai daga gare su. Tambayar daga ina suka fito ita ce ƙofar fanni mai zaman kansa, wanda tambaya ta gaba ta shiga cikinsa.

Tambaya ta uku

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin fiziks. A shafin bayanan wata na'urar kwantum na ga an rubuta wa kowane kubit T1 da T2 da wasu lambobi, kuma na lura suna canzawa daga rana zuwa rana. Mene ne ma'anarsu, yaya ake samo su, kuma me ya sa ba su tsayawa wuri ɗaya?

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin samu, domin a ganina wanda ya fahimci yadda ake auna kubit guda ɗaya ya fi fahimtar kwamfutar kwantum a kan wanda ya haddace sunayen tsare-tsaren lissafi goma.

Bari mu fara da abin da ake aunawa. A na'urorin IBM da Google, kubit wata 'yar da'irar lantarki ce da aka shimfiɗa da ƙarfe irin su alminiyam a kan ɗan faifan silikon. Zuciyarta ita ce mahaɗar Josephson, wato alminiyam biyu da wani siririn tsatsa na alminiyam ya raba, wanda kaurinsa bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyu ba. Idan aka sanyaya da'irar sosai, ƙarfen yakan daina yi wa lantarki turjiya, kuma makamashin da'irar yakan kasu hawa-hawa kamar na atom. Hawa na ƙasa shi ne 0, na sama da shi kuma 1. John Clarke da Michel Devoret da John Martinis ne suka nuna a gwaje-gwajensu na 1984 da 1985 a Berkeley cewa da'irar lantarki tana iya nuna wannan hali, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta 2025. Samfurin da ya fi yaɗuwa a yau, mai suna tiransmon, an ƙirƙiro shi ne a Jami'ar Yale a 2007. Tazarar da ke tsakanin hawa biyun ta yi daidai da igiyar maikirowef mai kaɗawa kusan sau biliyan biyar a daƙiƙa, kuma wannan makamashi ƙanƙani ne ƙwarai, daidai da zafin kusan kwata na digiri ɗaya a saman cikakken sifili, wato iyakar sanyin da babu wanda ya wuce shi. Shi ya sa ake ajiye faifan a cikin firiji na musamman mai aiki da gaurayen iskar hiliyam iri biyu, a sanyin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri ɗaya a saman cikakken sifili ba, wato ya fi sararin samaniya sanyi nesa ba kusa ba, tunda sararin samaniyar yana kan digiri 2.7 ne a saman cikakken sifili. In ba haka ba, zafi kaɗai ya isa ya riƙa ɗaga kubit zuwa 1 ba tare da an umarce shi ba.

Mai gwaji ba ya ganin kubit da idonsa. Abin da yake da shi wayoyi ne da ke shiga firiji, yana tura igiya ta ɗaya, yana sauraron abin da ya dawo ta wata. Aikin farko shi ne neman saurin kaɗawar kubit ɗin, domin ko an zana kubit biyu iri ɗaya, ɗan bambancin kaurin tsatsan nan yakan sa su bambanta. Sai a riƙa tura igiya ana sauya saurinta sannu a hankali, kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha, har a kai inda kubit ya amsa.

Aiki na biyu shi ne gwajin Rabi, mai ɗauke da sunan Isidor Rabi, wanda ya sami Nobel a 1944. Ana tura ɗan gajeren bugun igiya a daidai saurin da aka gano, a auna, a sake da bugun da ya fi ƙarfi kaɗan, a auna, haka har a sami jerin sakamako. Idan aka zana su, sai a ga yiwuwar samun 1 tana hawa har ta kai ƙololuwa, ta sauko, ta sake hawa, kamar lilo. Ƙarfin bugun da ya kai kubit ƙololuwar farko shi ne ƙofar X ta wannan kubit, rabinsa kuma shi ne mai ajiye shi a tsakiya, inda nauyin 0 da na 1 suke daidai. Ki lura da cewa kowane ɗigo a wannan zane ba awo ɗaya ba ne. Tunda awo guda 0 ko 1 kawai yake bayarwa, sai an maimaita gwajin ɗaruruwa ko dubban lokuta kafin a san yiwuwar, kuma ko da maimaici dubu, akwai sauran rashin tabbas na kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Mai son rage shi zuwa rabi sai ya ninka maimaicin sau huɗu.

Yanzu mun iso T1. Ana ɗaga kubit zuwa 1, a jira ɗan lokaci, a auna. Sai a sake da jira mafi tsawo. Kubit da ke sama yana zubar da makamashinsa ga abubuwan da ke kewaye da shi ya faɗo zuwa 0, kamar yadda amon ƙararrawa yake dusashewa bayan an buga ta. T1 shi ne tsawon jiran da yiwuwar samun kubit a kan 1 take raguwa zuwa kusan kashi 37 cikin ɗari.

T2 ya fi wannan laushi, domin kubit yana iya riƙe makamashinsa amma ya rasa kusurwar da ke tsakanin nauyayensa biyu, kuma kusurwar nan ita ce take sa hanyoyi su soke juna kamar yadda na bayyana a amsar farko. Ana auna ta da gwajin Ramsey, daga sunan Norman Ramsey mai Nobel ta 1989: rabin bugu, sai jira, sai wani rabin bugun, sai awo. A lokacin jiran, kubit yana tafiya da nasa takun, injin da ke samar da igiya ma yana tafiya da nasa, tamkar agogo biyu da aka saita tare. Idan akwai ɗan bambanci tsakaninsu, zanen zai riƙa hawa da sauka, kuma saurin wannan hawa da sauka yana gaya wa mai gwaji daidai yawan kuskuren saitinsa. Amma idan saurin kubit ɗin kansa yana rawa daga gwaji zuwa gwaji saboda hayaniyar maganaɗisu ko ta lantarki, hawa da saukar za su yi ta lafawa har su baje. Lokacin bajewar shi ake rubutawa T2 mai tauraro, wato T2*. Akwai kuma dabarar da Erwin Hahn ya gano a 1950, ta sanya cikakken bugu a tsakiyar jiran, wanda ke juya kubit ta yadda ratar da ya tara a rabin farko za ta warware a rabi na biyu, muddin hayaniyar mai tafiyar hawainiya ce. Idan T2 ya tsawaita sosai da wannan dabara, an gane ke nan cewa hayaniyar mai jinkiri ce, in kuwa bai motsa ba, sai a nemi matsalar a wani wuri. Kuma akwai iyaka da ba a tsallakewa: T2 ba ya wuce ninki biyu na T1, don haka idan kika ga kubit da T2 ɗinsa ya kusanci wannan iyaka, to zubar makamashi ce babbar damuwarsa.

Abin sha'awa a nan shi ne da tsohuwar zuma ake magani. Sunayen T1 da T2 sun fito ne daga aikin Felix Bloch na 1946 a kan maganaɗisun ƙwayar atom, ilimin da daga baya ya haifar da na'urar hoton jiki ta MRI da ke asibitoci.

Game da girman lambobin, kubit na farko irin wannan da Yasunobu Nakamura da abokan aikinsa suka sarrafa a kamfanin NEC na Japan a 1999 bai riƙe halinsa fiye da 'yan nanosakan ba, wato 'yan kashi cikin biliyan na daƙiƙa. A yau T1 na maikirosakan ɗari ko ɗaruruwa ba abin mamaki ba ne, shi kuwa maikirosakan guda nanosakan dubu ne. Sai dai lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an gwada ta da tsawon lokacin da ƙofa take ci. Ƙofar kubit guda a tiransmon tana ɗaukar nanosakan 20 zuwa 50, don haka dubban ƙofofi suna iya shiga cikin T1 guda. Kubit da aka yi da atom masu caji da aka tsare a tarko, waɗanda Ignacio Cirac da Peter Zoller suka ba da shawararsu a 1995, suna riƙe halinsu na daƙiƙoƙi, amma ƙofofinsu sun fi jinkiri sosai.

Dalilin canzawar da kika lura da ita kuwa, babban mai laifi shi ne ƙananan lahani a cikin tsatsa da fatar faifan, waɗanda su ma suke da nasu hawa biyun kamar kubit. Saurin kaɗawarsu yana yawo, kuma duk ranar da ɗayansu ya matso kusa da na kubit, sai ya riƙa tsotse masa makamashi, T1 ya faɗi, bayan sa'o'i ya matsa gaba, T1 ya farfaɗo. An kuma tabbatar da cewa haskoki masu ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya, idan suka bugi faifan, suna iya lalata kubit da yawa a lokaci guda. Saboda haka ake sake saita waɗannan na'urori a kai a kai, kuma mai gwaji na kirki ba ya kawo T1 mafi kyau da ya taɓa gani ya ce shi ne na na'urarsa, sai dai ya auna sau da yawa cikin kwanaki ya nuna yadda lambobin suka bazu.

Tambaya ta huɗu

Ranka ya daɗe, ni injiniyan lantarki ne. Idan kamfani ya ce ingancin ƙofarsa kashi 99.9 cikin ɗari ne, ta yaya ya sani, tunda awon da zai yi amfani da shi ma yana da nasa kuskuren?

Amsa

Ka taɓo ainihin wahalar, injiniya. Shirya kubit a kan 0 yana da kuskure, karanta shi ma yana da kuskure, wanda sau da yawa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato ya ninka kuskuren ƙofar da ake son aunawa sau goma. Ga shi kuma ba a iya kwafar halin kubit a ajiye don a duba shi a natse, kamar yadda William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a nasa ɓangaren, suka tabbatar a 1982.

Hanyar da ta fara zuwa a zuciya ita ce a shirya hali iri ɗaya sau da yawa, a auna shi ta fuskoki daban-daban, a harhaɗa cikakken hotonsa, abin da ake kira tomogirafi. Kubit guda yana bukatar lambobi 3, biyu suna bukatar 15, goma kuwa sama da miliyan ɗaya, don haka hanyar ba ta zuwa da nisa. Bugu da ƙari, takan ɗora wa ƙofa laifin da na shiri ne ko na karatu.

Maganin da ya karɓu shi ne gwajin jeri na kan mai uwa da wabi, wanda Emanuel Knill da abokan aikinsa a NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, suka yi a kan atom masu caji, suka wallafa a 2008. Ana zaɓar ƙofofi barkatai daga wani rukuni da kwamfuta ta yau da kullum take iya lissafa sakamakonsa cikin sauƙi, a jera su, sannan a rufe da ƙofa guda da ke warware duk abin da suka yi, ta yadda kubit marar aibi zai koma 0. Ana yin haka da jeri mai ƙofofi goma, da mai ɗari, da mai ɗari biyar, kowane tsawo da jeri daban-daban masu yawa. Gwargwadon tsawon jeri, gwargwadon raguwar yiwuwar komawa 0. Hikimar ita ce kuskuren shiri da na karatu sau ɗaya suke shiga kowane gwaji komai tsawonsa, saboda haka suna sauke mafarin zanen ne kawai, shi kuwa gangaren zanen na ƙofofin ne su kaɗai. Daga gangaren ake ciro lambar da ka gani.

Amma ka riƙe ta da hannu biyu, domin matsakaici ce, tana ɓoye irin kuskuren. Bugun da ya zarce da digiri ɗaya a kowane karo kuskure ne mai tsari, idan aka maimaita ƙofar sau 90 a jere ya zama digiri 90, kuma gyaran saiti yana kawar da shi. Kuskuren da ke zuwa daga T1 da T2 kuwa saiti ba ya maganinsa, sai an koma ga kayan ƙira da tsarin faifan, tun ran gini tun ran zane. Gwajin barkatai yana gauraya su biyun ya ba da lamba ɗaya. Haka kuma kubit da aka gwada shi kaɗai yakan fi kyau a kan lokacin da maƙwabtansa suke aiki, saboda igiyar da aka aika wa ɗaya tana malala zuwa ga wani, sannan tiransmon yakan zame zuwa hawa na uku, wanda ba 0 ba ne ba 1 ba. Ga ma'aunin da za ka riƙa amfani da shi: da ingancin kashi 99.9, tsari mai ƙofofi dubu yana da yiwuwar kusan kashi 37 cikin ɗari ta kammalawa ba kuskure, da kashi 99 kuwa ƙofofi ɗari sun isa su kai ka wannan matsayi. Kuma ƙofar kubit biyu ce ya kamata ka fara tambaya a kai, domin kusan kullum ita ce mafi rauni.

Tambaya ta biyar

Malam, kullum ana sanar da na'ura mai kubit fiye da ta baya. Shin wadda ta fi yawan kubit ita ce ta fi ƙarfi, kuma ta kusa fasa sirrin da ke kare bayananmu a intanet?

Amsa

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kubit dubu masu yawan kuskure ba su kai ɗari masu inganci ba, saboda lissafin da na kawo wa injiniya a sama. Ko sanarwar Google ta 2019, cewa na'urarta Sycamore mai kubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 aikin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, IBM ta ƙalubalance ta nan take da cewa kwana biyu da rabi sun isa, kuma aikin kansa gwaji ne da aka tsara don auna na'urar, ba warware wata matsala ta amfanin yau da kullum ba.

A kan sirrin intanet, barazanar gaskiya ce amma ba ta iso ba. Tsarin Shor yana iya karya RSA, wato hanyar ɓoye bayanai da ta dogara ga wahalar gano lambobin da aka ninka aka sami wata babbar lamba, idan aka sami na'urar da ta isa, sai dai gwajin da ya yi suna a 2001, na masu bincike a IBM da Jami'ar Stanford, lamba 15 ya raba zuwa 3 da 5 da kubit bakwai. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa karya RSA mai bit 2048 zai bukaci kubit miliyan 20 na tsawon awa takwas, a 2025 kuma Gidney ya sauko da ƙiyasin zuwa ƙasa da miliyan ɗaya cikin ƙasa da mako guda, duka bisa sharaɗin kuskuren ƙofa na ɗaya cikin dubu. Tazarar tana raguwa, shi ya sa NIST ta fitar da sababbin ƙa'idojin sirri masu jure wa kwantum a watan Agustan 2024, tun kafin bukata ta taso.

Dalilin bukatar miliyoyin shi ne gyaran kuskure. Ana haɗa kubit da yawa su riƙe bayanin kubit guda amintacce, wasu suna ɗauke da bayanin, wasu suna sa ido a kan maƙwabtansu ba tare da sun karanta bayanin kansa ba. Wannan yana aiki ne kawai idan kuskuren kowane kubit ya sauka ƙasa da wata iyaka, wadda a tsarin da ya fi shahara take kusan kashi ɗaya cikin ɗari, in ba haka ba ƙarin kubit ƙarin ɓarna ne. A watan Disambar 2024 Google ta nuna da na'urarta Willow mai kubit 105 cewa ta shiga ƙasan iyakar: da aka faɗaɗa shimfiɗar kubit masu ɗauke da bayani daga uku sau uku zuwa biyar sau biyar, sannan zuwa bakwai sau bakwai, kuskuren ya riƙa raguwa da fiye da rabi kaɗan a kowane mataki. Shimfiɗar mafi girma ta ci kubit 101 don riƙe kubit amintacce guda ɗaya, kuma kuskurensa ya tsaya a kashi 0.143 cikin ɗari a kowane zagayen gyara, alhali tsari irin na Shor yana bukatar a ci gaba da sauke wannan lamba ninki bisa ninki, a kuma sami sama da dubu na irin wannan kubit suna aiki tare.